Takardar Saki: Wadda Miji Ya Rubuta da Wadda Kotu Ta Sani

Duk wanda ya doshi kotu neman kwafin takardar mutuwar aure, abin da rajistara zai fara tambayarsa shi ne lambar ƙara. In babu lamba, sai shekara da wata. In wannan ma ya shige duhu, sai sunan alƙalin da ke kan kujera a lokacin. A nan mutane da yawa suke tsayawa cak, domin auren nasu bai taɓa shiga kotu ba, balle a ba shi lamba. A ɗaki aka yi sakin, ko a zaure, ko a 'yar takardar da aka yago daga littafin makarantar yara, yanzu kuma har ta saƙon waya. Kotu kuwa ba ta da ikon ba da kwafin abin da ba ta rubuta ba. Saboda haka kafin a kai ga yadda ake karɓo kwafi, sai an san ta wace hanya auren ya mutu, don ita ce za ta nuna ko akwai kundin da za a buɗe, da kuma inda yake ajiye.

Auren rajista, wato wanda aka ɗaura a ofishin rajistar aure ko a cocin da ke da lasisi, shi ya fi sauƙin bayani, kuma shi ne auren Kiristocin Arewa da dama. Dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ce Babbar Kotun Jiha ko ta Abuja kaɗai ke iya raba shi. Hukuncin yana zuwa hawa biyu. Alƙali zai fara ba da na wucin gadi, sannan a bisa al'ada bayan wata uku ya zama tabbatacce, rajistara ya ba da takardar shaidar hakan ga wanda ya nema ya biya kuɗinta. Mutane sukan riƙe takardar farko su ɗauka an gama, alhali ta biyun ce ke nuna igiya ta tsinke. A shari'ar Amobi da Nzegwu da Kotun Ƙoli ta yanke a 2013, mijin ya rasu bayan hukuncin wucin gadi, kafin wata ukun su cika, sai kotu ta ce har ranar da ya bar duniya matarsa ta farko matarsa ce. Wanda ya yi sabon aure a cikin wannan tsakani, ya yi aure a kan aure a idon doka. To amma dai a wannan hanya akwai fayil, akwai lamba, kuma an san ginin da za a nufa.

Auren Musulunci ne ke da faɗi, kuma nan matsalar take. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, saki yana hannun miji. Ya furta ya auku, ya rubuta da niyya ya auku, ko da alƙali bai ji ba, ko da babu shaida a wurin. Malamanmu sun ɗauki kafa shaidu a matsayin abin so, ba su sa shi sharaɗin ingancin saki ba. Kotu tana shigowa ne idan mace ta nemi hul'i aka kasa daidaitawa a gida, ko ta nemi a raba auren saboda cutarwa, ko rashin ci da sha, ko miji ya yi ɓatan dabo, ko kuma gardama ta tashi kan an yi sakin ko ba a yi ba. Waɗannan su ne ke da kundi. Ragowar, waɗanda kowa ya san sun fi yawa nesa ba kusa ba, ba su da wata alama a wani ofishi. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar haihuwa da mutuwa da aure, bai ambaci saki a cikin wannan jeri ba.

Wani zai ce to mene ne na damuwa, tunda Allah ya sani, dangi sun sani, unguwa ta sani? Damuwar tana cikin abu biyu da ƙwaƙwalwar mutane ba ta riƙewa da kyau: ranar da aka yi sakin, da kuma na nawa ne.

Daga ranar saki ake ƙirga idda, tsarki uku ga mai jinin al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. A cikin iddar saki ɗaya ko biyu miji yana da damar kome, kuma in ɗayansu ya rasu ɗayan zai gaje shi. Kwana guda kan iya zama bambanci tsakanin macen da za ta shiga takaba ta karɓi tumunin dukiya, ko rubu'i in mamacin bai bar ɗa ba, da macen da za ta zo gaisuwar mutuwa ta koma gidansu hannu rabbana. Wanda ya saki matarsa yana kwance ciwon ajali, Malikiyya suka ce tana gadonsa ko da iddarta ta ƙare, har ma ko ta yi wani auren. Sannan ga hukuncin da ya fi kowanne nauyi: wanda ya auri mace a cikin idda har ya tare da ita a cikinta, za a raba su, kuma a mazhabarmu ta haramta gare shi har abada. Jaririn da aka haifa bayan sabon aure, da kwanan wata ake gane ɗan wane ne, domin mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Akwai ma wata mas'ala a littattafan fiƙihu da ta dace da zamaninmu na mazan da ke tafiya ci-rani su yi shiru: idan miji ya zo ya ce ai tun bara ya saki matarsa, kuma ba shi da shaidu, daga ranar da ya yi iƙirarin za ta fara idda. Ta zauna shekara ba miji ba saki, sannan ta fara ƙirga daga farko.

Yawan sakin ma haka. Saki ɗaya a shekarar da aka yi aure, wani bayan haihuwa ta biyu, aka yi biko aka koma, shekaru suka tura. Ranar da na uku ya faɗo, sai miji ya ce na biyu ne, wancan na baya ai yaji ta yi. Ita ta san gaskiya, amma a gaban alƙali sai ta kawo shaidu biyu maza adalai, in ba haka ba maganar miji ce ke tsayawa a zahirin shari'a. Babu tashin hankalin da ya kai na macen da ta tabbata a ranta ta haramta ga mutum, amma ba ta da abin da za ta nuna.

Shi ya sa nake ganin takardar da miji ya rubuta da hannunsa tana da daraja, amma ba ta isa a kwanta a kanta ba. Takan zo babu kwanan wata. Takan zo da sunan da ake kiran matar a gida, wanda ba shi ne a katin ɗan ƙasa ba. Wata ba sa hannu, wata ƙanensa ne ya rubuta masa. Sau da yawa ma ba a hannun matar take ba, tana wajen uba ko kawun da ya yi walicci, in ya rasu ta bi kayansa ta ɓace. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki wannan takarda tun da zafinta a kai kotun shari'a mafi kusa, a shigar da ƙarar neman tabbatar da saki. Za a aika wa mijin sammaci, alƙali ya tambaye shi ko rubutunsa ne, ko furucinsa ne, saki nawa, yaushe. In ya amsa, magana ta ƙare a zama ɗaya ko biyu, an rubuta a kundi, kotu ta ba da tata takardar mai hatimi. In ya musa, gara ya musa yau da shaidu ke raye, da ya musa bayan shekara goma, ko magadansa su musa a madadinsa. Na san abin da ke hana mutane. Ana ganin kai tsohon miji kotu tonon asiri ne, kuma yana toshe ƙofar kome. Iyaye sukan ce a bari zuciya ta huce tukuna. Wannan tunani yana da gurbinsa, sai dai tabbatar da saki ɗaya a kundi bai hana a mayar da aure gobe ba. Abin da ya hana kawai shi ne a manta an yi shi.

Akwai takardu biyu da mutane ke ɗauka sun maye gurbin hukuncin kotu. Ɗaya takardar sulhu ce daga Hisba ko daga fadar mai unguwa ko hakimi. Tana da amfani a matsayin shaida, tana kuma kashe wutar rigima, amma waɗannan wurare ba kotu ba ne. Ɗayar ita ce takardar rantsuwa, wadda mutum ke zuwa kotu ya rantse cewa aurensa ya mutu a buga masa hatimi. Hatimin nan shaidar cewa ya rantse ne kawai, kotu ba ta binciki komai ba. Don haka ofisoshin jakadanci da masu raba gado ba su cika ba ta nauyi ba.

Idan kuwa akwai fayil, aikin ba shi da wuya a ƙa'ida. Kotun da ta yi shari'ar ita ake komawa. Wanda aka raba aurensa a Ƙofar Kudu a Kano, ba zai samu kwafinsa a Magajin Gari a Kaduna ba, don babu wani kundi guda da ya haɗa kotunan jiha ɗaya da na wata. Ana rubuta takardar buƙata zuwa ga rajistara, a sa sunan mai ƙara da wanda aka yi ƙara kamar yadda suke a fayil, da lambar ƙara, da ranar hukunci, a haɗa da katin shaida. Yana da kyau mutum ya san abin da yake so tun daga gida. Takardar shaidar raba aure shafi ɗaya ce, ita ta wadatar wa mai sabon aure ko mai cike fom. Kwafin hukunci ya ƙunshi dalilan alƙali da abin da ya yanke game da kuɗin hul'i, riƙon yara da ciyar da su. Kwafin shari'a kuma shi ne duk abin da aka faɗa tun daga zaman farko, shi mai ɗaukaka ƙara ke buƙata, kuma shi ya fi tsada da cin lokaci tunda sai an kwafe shi daga rubutun hannun alƙali. Mai niyyar ɗaukaka ƙara kada ya tsaya jiran kwafi, domin galibi kwana 30 ne wa'adin. Ya fara shigar da sanarwarsa, kwafi ya biyo baya.

Hoton takarda da aka buga a shagon bakin kotu bai zama kwafin kotu ba, sai an tabbatar da shi. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 104, ta faɗi siffar tabbataccen kwafi, wanda ma'aikata ke kira CTC. Jami'in da takardar ke hannunsa zai rubuta a ƙasanta cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata, ya sa sunansa da muƙaminsa da hannunsa, ya buga hatimi idan ofishinsa na da shi, bayan an biya kuɗin da doka ta yanka. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, lauyan ɗaya ɓangaren zai iya sa a yi watsi da takardar a babbar kotu. Shi ya sa rasit yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wanda ya miƙa kuɗi a hannu ga ɗan kamashon da ya tare shi a bakin ƙofa yana cewa “Hajiya, kawo in ƙarasa miki, ba sai kin jira ba,” yana iya komawa gida da takarda mai kyan gani wadda babu tushenta a kundi. Ranar da wata hukuma ta rubuto wa kotun tana neman tabbaci, ranar asiri zai tonu, kuma mai riƙe da takardar ake tuhuma da jabu.

Kafin a bar ofishin, a zauna a karanta takardar baƙi bayan baƙi. Hauwa ce ko Hauwa'u, Muhammad ne ko Mohammed, sunan uba aka sa ko na miji? In ya saɓa da abin da ke fasfo ko katin ɗan ƙasa, a nemi gyara nan take. Ƙananan kotunan shari'a da yawa da Hausa suke rubutu, don haka wanda zai kai takardar ƙasar waje sai an fassara ta, an tabbatar da fassarar, sannan sau da yawa sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga nata hatimin kafin ofishin jakadanci ya karɓa. A karɓi kwafi biyu ko uku a lokaci guda, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye ɗaya a wani gidan.

Wannan shawara ta ƙarshe tana da dalili, domin fayil ba ya dawwama. Rubuta shari'a tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Kundin majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, wanda aka rubuta da Larabci, ya rayu har wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wani sashe nasa ya buga a 1994. Amma kotunan sun sha sauya suna da uban gida. Kotunan alƙalai na zamanin En'e an mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha tsakanin 1967 da 1968. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi irin su Kano suka mayar da nasu kotunan shari'ar Musulunci, yayin da Abuja da Kwara da Filato suka ci gaba da kotunan yanki. Ga kuma ƙirƙiro jihohi: Katsina a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara da Gombe a 1996. Wanda ya ɗaukaka ƙara daga Haɗeja a 1989, Kano aka kai takardunsa. Duk sauyin suna, duk ƙaura daga gidan haya zuwa wani, ana ɗaure kundaye da igiya a loda a mota, wasu su isa, wasu su tsaya a hanya. Waɗanda suka isa kuma gara da yoyon rufi na jiransu.

Wuta da tarzoma ma sun ci nasu rabon. A Oktoban 2020 aka ƙone Babbar Kotun Legas da ke Igbosere lokacin zanga-zangar EndSARS. A farkon Agustan 2024 aka fasa Babbar Kotun Jihar Kano a lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka yi awon gaba da takardu, aka lalata wasu. A 2021 ma'aikatan shari'a sun yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, kotuna a kulle fiye da wata biyu, mai neman takarda sai haƙuri. Idan aka ce fayil ya ɓace, ba a nan magana ta ƙare ba. Kotu tana da littafin shigar da ƙara da littafin da alƙali ke rubuta zama, kuma ba lalle duka su ɓace tare ba. Lauyan da ya tsaya a shari'ar yana iya riƙe da nasa kwafin, haka ɗaya ɓangaren. In an yi ta cewa a dawo gobe, akwai ofishin sufeton kotuna da na babban rajistara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ga marasa hali kuma akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: wa ya cancanci a ba shi kwafin? Miji da mata, babu ja. Lauyansu ko wakilin da suka ba wa izini a rubuce, haka. Magada idan ɗayansu ya rasu, da hujjar cewa su magada ne. To mai neman auren bazawara fa, ko kishiya, ko ɗan jaridar da ya ji ƙamshin labari? Shari'a a bainar jama'a ake yinta, gaskiya ne, kuma mai son aure yana da haƙƙin sanin ko matar ta fita daga igiyar wani. Amma shafi ɗaya na shaidar raba aure ya biya masa wannan buƙata. Kwafin shari'a yana ɗauke da abin da mace ta faɗa da kunya a gaban alƙali don ba ta da mafita: duka, yunwa, ciwo, sirrin shimfiɗa. A ganina rajistaran da ya miƙa wannan ga wanda ba ya cikin shari'ar, ba tare da umarnin alƙali ba, ya ci amana, musamman yanzu da hoto guda ke zaga gari a Facebook kafin la'asar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kanta ta keɓe bayanan sirrin mutum, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023.

Wasu ƙasashe sun daɗe da ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka, kowacce da salonta. Tunisiya tun 1956 ta ce babu saki sai a kotu. Maroko a 2004 ta sa saki a ƙarƙashin kulawar alƙali. Saudiyya a Janairun 2019 ta fara aika wa mata saƙon waya daga kotu idan an rubuta sakinsu, saboda an samu mazan da ke saki a ɓoye. Ghana, inda zangon Hausawa yake a Kumasi da Accra, tana da doka tun 1907 da ta ce a yi rajistar auren Musulmi cikin mako guda, saki kuma cikin wata guda, amma kaɗan ne ke bin ta. Wannan na Ghana ya fi ba mu darasi, don ya nuna rubuta doka kaɗai ba ya kai mutane ofis idan ofishin yana nesa, ko ba su ga amfaninsa ba.

Ban ga buƙatar mu taɓa hukuncin fiƙihu ba. Saki ya auku da furucin miji kamar yadda malamai suka faɗa. Abin da majalisun jihohi za su iya yi shi ne su wajabta wa wanda ya yi saki ya kai rahoto kotu mafi kusa cikin 'yan kwanaki, a rubuta, a ba matar kwafinta a hannunta kyauta, wanda ya ƙi a ci shi tara. Nauyin ya hau kan mai sakin, tunda shi ya yi aikin, maimakon yadda yake yanzu, inda wadda aka saka ce ke yawon neman hujja da kuɗin motar da ta ranto. Limaman da ke ɗaura aure su riƙa neman ganin takardar kafin su karɓi sadakin bazawara. Kotuna kuma, tun kafin a kai ga sa kowane shafi a kwamfuta, su fara da jerin sunaye: sunan miji, sunan mata, lambar ƙara, ranar hukunci, saki na nawa. Magatakarda ɗaya da kwamfuta ɗaya a hedikwatar kowace shiyya za su iya wannan, a riƙa aika kwafinsa ofishin babban rajistara duk ƙarshen wata, yadda macen da ta manta lambar ƙararta za ta faɗi sunanta da na tsohon mijinta a nemo mata fayil ɗinta a ranar.